Yadda Ake Tsara Mayar da Aikin Asibiti Kan Na'ura, Daga Kumbotso Zuwa Kura da Bunkure

A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar da kundin jagora ga duk ƙasar da ke son ɗora harkar lafiyarta a kan na'ura. Kundin ya kasa aikin gida uku: a san inda aka dosa, a rubuta yadda za a kai, a kuma tanadi ma'aunin da zai nuna ko an kai. Don ƙasashe aka rubuta shi, amma ƙasa suna ta tara. Mutanen tsibiran Tonga gaba ɗaya ba su wuce kimanin 100,000 ba, alhali ƙaramar hukumar Kumbotso kaɗai ta kusa 300,000 tun a ƙidayar 2006. Idan aka haɗa ta da Kura da Bunkure, an tara jama'ar da ta fi ta wasu ƙasashe masu tuta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Nijeriya ta yi nata tsarin na 2015 zuwa 2020, kuma a 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta sake ɗauko zancen. Sai dai takardar Abuja ba ta cike rajista a asibitin sha-ka-tafi na ƙauye. Dole jiha da ƙaramar hukuma su yi nasu tsarin, kuma ba daga sayen kwamfuta ake farawa ba. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: a san mai riƙe da ragama

Kafin komai, a naɗa wanda za a tambaya idan abu ya lalace. A Kano masu hannu a harkar suna da yawa: Ma'aikatar Lafiya, Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko, hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA, hukumar samar da magunguna, sashen lafiya na kowace ƙaramar hukuma, da ƙungiyoyin agaji. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda yake da cibiyar lafiya a garin Kumbotso inda ɗaliban likita ke koyon aiki cikin jama'a. Kowa ya samu kujera, amma shugaba ɗaya, sakatariya ɗaya.

Kujeru biyu ne aka fi mantawa da su. Ta farko ta malamar awon ciki ce da malamin rigakafi, waɗanda su ne za su riƙa danna na'urar. Ta biyu ta hakimi ce da dagatai da masu unguwanni, domin babu haihuwa ko rasuwar da ke wuce mai unguwa.

Mataki na biyu: a fita a ƙirga abin da ke ƙasa

Ba a yin wannan daga ofis. A bi mazaɓun Kumbotso 11 ɗaya bayan ɗaya, daga Na'ibawa da Chiranci zuwa Panshekara, Mariri da Challawa, sannan a haye gadar Tamburawa a shiga ƙasar noman rani. A kowane asibiti tambayoyin iri ɗaya ne. Ma'aikata nawa ne, kuma nawa ne 'yan sa-kai? Awa nawa ake samun wuta? Layin wane kamfani ke da sabis a cikin ɗakin, ba a bakin titi ba? Rajista nawa ake cikewa? Manhaja nawa ke cikin wayar shugaban asibitin, kuma wa ya kawo kowacce?

Amsar tambayar rajista kan ba baƙo mamaki. Akwai ta marasa lafiya na yau da kullum, ta awon ciki, ta haihuwa, ta rigakafi, ta tazarar haihuwa, ta awon nauyin yara. A ƙarshen wata ma'aikaci ya zauna ya tattara su da hannu a fom guda, ya kai wa jami'in ƙididdiga na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar a DHIS2, rumbun bayanan da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙira kuma Nijeriya ta ɗauka. A wannan doguwar hanya ake samun kuskuren lissafi da jinkiri.

A sa kemis-kemis da asibitocin kuɗi a cikin ƙidayar, don da yawan masu zazzaɓi can suke fara zuwa. A kuma sabunta taswira. Kano ta riga ta koyi wannan darasi a yaƙi da shan-inna, lokacin da aka yi amfani da hoton tauraron ɗan'adam da wayoyin da masu ɗiga rigakafi ke tafiya da su, aikin da ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano ta taka rawa a ciki. Da haka aka gano rugage da ƙauyukan da babu su a taswirar da aka zana da hannu. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a jihar an same shi ne a Sumaila cikin Yulin 2014.

Mataki na uku: a zaɓi matsala kaɗan

Tsarin da ya yi alkawarin gyara komai ba ya gyara ko ɗaya. A zaɓi uku ko huɗu da suka fi ci wa mutanen yankin tuwo a ƙwarya, a rubuta kowacce da harshen da kowa zai gane.

Kumbotso da Kura ba ciwonsu ɗaya ba. Kumbotso gefen birni ce, sababbin unguwanni na tsirowa kullum, ga masana'antun Challawa. Damuwarta cunkoso ce da yaran da ba a taɓa yi wa allura ko ɗaya ba, kuma annobar mashaƙo da ta yi tsanani a Kano a 2023 ta nuna inda irin wannan giɓi ke kaiwa. Kura da Bunkure da Garun Malam kuwa, tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ba ya yanke musu. Ruwan da ke ba da shinkafa da alkama da tumatir shi ne ke raya sauro har cikin rani, shi ne kuma ke ɗauke da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini. Ga 'yan ci-rani da ke shigowa aikin gona su koma gida bayan girbi.

Saboda haka manufofin na iya zama kamar haka: mai cikin da aka tura daga ƙauye zuwa Babban Asibitin Kura ko Asibitin Murtala, bayaninta ya riga ta isa; duk jaririn da aka haifa a san ranar allurarsa ta gaba, a bi shi idan bai zo ba; kada maganin zazzaɓin cizon sauro ya ƙare ba a sani ba; amai da gudawa ko ƙyanda idan suka ɓulla, labari ya kai jiha a ranar. Na'urar da ba ta taimaki ɗaya daga cikin waɗannan ba, a bar ta a kanti.

Mataki na huɗu: mutum ɗaya, lamba ɗaya

Nan ne aikin ya fi wuya, nan ne kuma aka fi yi masa riƙon sakainar kashi. A asibiti guda za a iya samun Aisha Muhammad goma. Da yawan mata ba su riƙe ranar haihuwarsu ba. Wata an san ta da laƙabi a gidan miji, sunan yanka kuwa sai a gidansu. Jariri ba shi da suna sai ranar bakwai, alhali alluran farko tun ranar haihuwa ake so a yi su. Lambar wayar da aka bayar sau da yawa ta maigida ce ko ta maƙwabci.

Tsari mai kyau yakan ba kowa lambar asibiti tun zuwan farko, a buga ta a katin da zai riƙe, a haɗa lambar jariri da ta mahaifiyarsa kafin a raɗa suna. Wanda yake da lambar NIN a liƙa ta, wanda ba shi da ita kada a kore shi. A ƙara sunan unguwa da na mai unguwa don bambance masu suna iri ɗaya. Ɗan ci-ranin da aka duba a Kadawa, idan ya je Panshekara, lambar nan ta fito da tarihinsa.

Mataki na biyar: manhajoji su ji maganar juna

Ba a fara daga fili ba. DHIS2 na nan don rahoton wata. SORMAS na nan don bibiyar annoba, wadda aka ƙirƙira bayan Ebolar 2014 da haɗin gwiwar hukumar NCDC da masana daga Jamus. Masu inshora da masu rarraba allurai kowa da tasa. Abin da tsarin zai shimfiɗa shi ne sharaɗi: duk mai kawo sabuwar manhaja, gwamnati ce ko ƙungiya ko ɗan kasuwa, sai ta iya musayar bayani da waɗanda ake da su bisa ƙa'idar da aka sani, irin su FHIR, kuma bayanan mallakar jiha ne, ba na kamfanin ba. Ma'aikaci ya shigar da abu sau ɗaya, rahoton wata ya haɗa kansa.

Sannan bayani ya riƙa dawowa ƙasa. Manomin Bunkure ya san ruwan da ya tsaya a babban kanal bai shayar da kowa ba, sai ya gangaro ƙaramar kwata ya shiga gonar ƙarshe. Haka alƙaluman da suka taru a Kano ko Abuja: amfaninsu ya fara ne ranar da malamin rigakafi ya buɗe waya da safe ya ga sunayen yaran da suka tsallake allura a makon nan.

Mataki na shida: a yi shiri kamar babu wuta babu sabis

Babbar tashar rarraba wutar da ke ciyar da Kano a Kumbotso take, kuma a yankin ne aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a Janairun 2023. Duk da haka, a ƙarshen Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu. Intanet ma ba ta da tabbas. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara saboda tsaro. A Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. Tonga kuwa ta shafe sama da wata guda babu intanet a 2022 bayan aman wutar dutse ya tsinke wayarta guda ɗaya tilo.

Don haka manhajar ta zama mai aiki ba tare da sabis ba, ta ajiye bayani a cikin wayar, ta tura idan ya dawo. A zaɓi waya ko ƙaramin allo mai riƙe caji maimakon kwamfutar tebur. A sa sola, a rubuta wanda zai sauya batir idan ya mutu. A ajiye fom na takarda a durowa don ranar da komai ya tsaya.

Mataki na bakwai: sirri da amana

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana fallasa bayanin majiyyaci, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. A aikace, kowane ma'aikaci da lambar sirrinsa, ba a aro. Mai ba da kati ba ya ganin sakamakon gwajin jini. Ba a ɗaukar hoton katin majiyyaci a jefa a zauren WhatsApp. Saƙon tunatarwa kada ya ambaci cuta, tunda ba a san wanda zai karanta ba.

Mutanen Kano suna da dalilin yin tambaya. Ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma rashin yarda ne ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Kafin a fara rubuta sunan matar mutum a waya, a je wa limamai da masu unguwanni da ungozomomi, a yi bayani a rediyo da Hausa: me ake rubutawa, wa zai gani, ina ake ajiyewa.

Mataki na takwas: gwaji da horo

A fara da mazaɓu kaɗan masu bambancin hali, misali ɗaya a cikin cunkoson Kumbotso, ɗaya a bakin ruwa a Kura, ɗaya mai nisa a Bunkure. Gwajin ya ratsa damina da rani, don a ga yadda zai yi lokacin da zazzaɓi ya cika asibiti da lokacin shigowar 'yan ci-rani. Horon otal na kwana biyu ba ya isa. A koyar a bakin aiki, a samu matashi a kowace ƙaramar hukuma da zai hau babur ya zo idan na'ura ta ƙi. A kuma yanke ranar da za a ajiye rajistar da na'ura ta maye gurbinta. Idan aka bar ma'aikaci da biyun, an ninka masa aiki, kuma na'urar zai fara yarwa.

Mataki na tara: kuɗi da ma'auni

Sayen na'ura shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne kuɗin data na kowane wata, gyara, sauya wayar da ta faɗa ruwa, da horar da wanda aka kawo bayan an yi wa na farko canjin wurin aiki. A yi lissafin shekara 5, a nuna kason da zai fito daga kasafin jiha, da na Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko wanda dokar 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da na asusun KHETFUND na Kano. Kuɗin masu agaji ya tafi ga farawa, kada albashin tsarin ya rataya a wuyansu.

Ma'aunin kuwa kada ya zama yawan wayoyin da aka raba. Duk wata uku kwamiti ya zauna ya duba: yara nawa aka gano aka kammala musu allura, kwana nawa magani ya yanke, masu ciki nawa aka tura kuma nawa suka isa, awa nawa aka rage wa ma'aikaci na cike-cike.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin nan da 'yan majalisarsu: duk wanda ya zo muku da tayin na'ura, ku tambaye shi wace matsala za ta warware, ko tana aiki babu sabis, da wanda zai biya kuɗinta a shekara ta uku. Idan ya kasa amsa ukun nan, kada ku sa hannu.