Amsoshin Tambayoyinku: Wace jijiya za a dasa a gwiwa?

Wani mai sauraronmu daga Dangoma, ƙaramar hukumar Kalgo, ya ce jijiyar cikin gwiwarsa ta tsinke wajen ƙwallo, to wacce za a dasa masa?

Malam, sannu da jiki. Galibi daga jikinka likita zai yanko. Ta ƙasan ƙoƙon gwiwa, mai guntun ƙashi a kowane baki, tana kamawa gam, amma takan bar ciwo wajen durƙuso, ga shi kuwa kullum akwai sujada da zaman tahiya. Ta bayan cinya tabonta kaɗan ne, sai dai lanƙwasa ƙafa kan ɗan yi rauni. Kowacce aka zaɓa, ƙwallo sai bayan wata 9 zuwa 12 ana atisaye. Ka nemi likitan ƙashi a Birnin Kebbi, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.