Gyaran Jijiyoyin Zuciya Ba Tare Da Fiɗa Ba: Amfaninsa Da Haɗarinsa

Jama'a, an shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana muku wata dabara ta likitoci wadda a ke buɗe toshiyar jijiyoyin zuciya da ita ba tare da an tsaga ƙirji ba. Dabara ce mai ceton rai, amma tun daga farkonta, duk sa'ad da aka kawar da wata wahala sai wata ta ɓullo. Ya kamata mai karatu ya san wahalolin nan, domin mafi tsananinsu a hannun majiyyaci maganinta ya ke, bayan ya koma gida.

1. Yadda Cutar Ta Ke

Zuciya tsoka ce, tana harbawa wajen sau 100,000 kowace rana, ba hutawa. Ko da ya ke cike ta ke da jini, ba daga jinin cikinta ta ke samun abinci ba. Akwai waɗansu jijiyoyi da su ke kwance a bayanta, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ta hagun kuwa ta rabu biyu. Faɗin kowace bai wuce milimita 3 ko 4 ba. Su ne ke kai wa tsokar jini.

Da tafiyar shekaru kitse ya kan taru cikin bangon jijiyoyin nan, hanya ta yi ta ƙuntata. Shan taba, da hawan jini, da ciwon sukari, da yawan kitse cikin jini, su ne ke gaggauta abin. In hanya ta ƙuntata, mutum ya kan ji nauyi a ƙirji in ya hau tudu ko ya yi sauri, in ya huta sai ya lafa. Amma wani lokaci tarin kitsen ya kan fashe, jini ya yi guda a wurin, ya toshe hanyar ɗungum. Wannan shi ne bugun zuciya. Kafin rabin sa'a naman da ke bayan toshiyar ya fara mutuwa, naman zuciya kuwa in ya mutu ba ya sake tsirowa.

2. Yadda Aka Sami Hanya Zuwa Zuciya

A dā likitoci sun ɗauka duk wanda aka taɓa cikin zuciyarsa da wani abu, mutuwa zai yi nan take. Cikin 1929 wani saurayin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya tsaga jijiyar hannunsa da kansa, ya zura siririn bututu na roba, watau abin da likitoci ke kira kateta, ya yi ta turawa har ya kai zuciya. Sa'an nan ya taka zuwa ɗakin hoton eksire, aka ɗauki hoto domin shaida. Manyansa ba su yaba ba, har ya rasa aikinsa a wani babban asibiti na Berlin. Amma cikin 1956 aka ba shi lambar Nobel tare da waɗansu likitoci biyu na Amurka, Cournand da Richards, waɗanda su ka ci gaba da aikin.

Cikin 1953 Likita Seldinger na ƙasar Suwidin ya sauƙaƙa shiga. A soka allura cikin jijiya, a zura waya ta cikin allurar, a zare allurar, sa'an nan a sa bututu ya bi wayar. Har yau haka a ke yi.

Cikin 1958, a birnin Cleveland na Amurka, Likita Mason Sones yana zuba wa wani majiyyaci ruwan rini domin ɗaukar hoto, sai bakin bututun ya zame ya shiga jijiyar zuciya ta dama, rinin ya kwarara ciki. Zuciyar ta tsaya na ɗan lokaci. Sones ya ce wa mutumin ya yi tari, ya yi, zuciya ta ci gaba da harbawa. Daga wannan kuskure aka gane ana iya ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya a ga daidai inda toshiya ta ke.

3. Zamanin Balan-balan

Da aka iya ganin toshiya, saura buɗe ta. Cikin 1964 Likita Charles Dotter na Amurka ya buɗe jijiyar ƙafar wata tsohuwa 'yar shekara 82, wadda ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa. Ya yi ta zura bututu, wani ya fi wani kauri, har jini ya sami hanya, ƙafar ta warke.

Wani Bajamushe mai aiki a Zurik ta ƙasar Suwizalan, Andreas Grüntzig, ya ƙara dabara. Ya ɗaura ɗan balan-balan mai tauri a bakin bututu. A ɗakin girkin gidansa ya ƙera na farko-farko, da taimakon matarsa da abokan aikinsa. Ran 16 ga Satumba 1977 ya zura shi cikin jijiyar zuciyar wani mutum ɗan shekara 38, mutumin yana farke, ya hura, hanya ta buɗe. Cikin shekara ta 2000 aka sake ɗaukar hoton jijiyar nan, aka tarar tana nan a buɗe. Grüntzig kansa bai ga wannan rana ba, ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a Amurka cikin 1985.

To, amma balan-balan ya zo da wahala biyu. Ta fari, hurawar ta kan yage bangon jijiya daga ciki, ɓallin ya faɗo ya rufe hanya nan take. Wannan ya kan sami wajen mutum 5 cikin 100, shi ya sa a zamanin nan ba a fara aikin sai likitan fiɗa na tsaye a shirye. Ta biyu, jijiyar ta kan sake tsukewa, ta kuma yi tabo, har wajen mutum 3 ko 4 cikin 10 su koma gidan jiya kafin wata 6.

4. Ragar Ƙarfe

Likitoci su ka ce, tun da ya ke bango na rubzawa, sai a tokare shi, kamar yadda a ke ɗaure bakin rijiya. Aka ƙera 'yar raga ta ƙarfe mai siffar bututu, wadda a ke kira sitent. Cikin 1986 Likita Puel a Toulouse ta Faransa da Likita Sigwart a Lausanne ta Suwizalan su ka sa wa mutane na farko. Irin wadda ta yaɗu daga baya, a takure a ke ɗora ta bisa balan-balan, in an hura ta buɗe ta manne da bango, a sace iskar a zaro bututu, ita kuwa ta zauna har abada. Cikin 1994 manyan gwaje-gwaje biyu su ka nuna ta fi balan-balan shi kaɗai, hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da ita.

Raga ta kusa kawar da rufewar nan ta farat ɗaya. Amma jini ba ya shiri da baƙon abu, yana son ya yi guda a jikin ƙarfe. Da fari an yi ta ba majiyyata magunguna masu ƙarfi na tsinka jini, sai zubar jini ta yi yawa. Daga baya aka gane asfirin tare da wani magani ɗan'uwansa, kamar wanda a ke kira kulofidogirel, sun fi kyau. Tabo kuma bai daina ba, ya kan ratsa ramukan ragar ya cike hanya ga wajen mutum 2 ko 3 cikin 10.

5. Raga Mai Magani

Sai aka shafe ragar da magani mai hana nama tsiro, yana fita kaɗan-kaɗan cikin 'yan makonni. Maganin farko, sirolimus, daga wata ƙwayar halitta ta cikin turɓayar tsibirin Ista, can tsakiyar tekun Fasifik, aka samo shi. Likita Sousa ya fara gwada irin wannan raga a São Paulo ta Birazil cikin 1999. Ƙasashen Turai su ka yarda da ita cikin 2002, Amurka cikin 2003. Masu komawa saboda tabo su ka ragu zuwa ƙasa da 1 cikin 10.

Murna ba ta daɗe ba. Maganin da ke hana tabo shi ne kuma ke hana lafiyayyar fata ta cikin jijiya ta lulluɓe ƙarfen da wuri. Ƙarfe ya daɗe a tsirara, jini kuwa yana iya yin guda a kansa ko bayan shekara, musamman ga wanda ya bar shan maganinsa. A babban taron likitocin zuciya na Turai a Barcelona cikin 2006 aka ta da maganar, hankali ya tashi ƙwarai. Daga nan aka tsawaita shan magani, aka kuma ƙera raga mai siraran zare da shafi mai sauƙi ga jiki. Da irin na yanzu, toshewar raga da gudan jini ba ta kai 1 cikin 100 ba a shekarar fari.

An kuma gwada raga mai narkewa, wadda za ta yi aikinta ta ɓace cikin wajen shekara 3. Amurka ta yarda da wata irinta cikin 2016, amma aka ga masu ita sun fi samun gudan jini, aka daina sayar da ita cikin 2017. Sabon abu ba kullum ya ke fin tsoho ba.

6. Haɗarin Da Ya Rage

A yau ba a sa mutum barci, wurin shiga kaɗai a ke kashewa da allura. Kaurin bututun kamar na tsinken ashana ne. A dā ta gindin cinya a ke shiga, majiyyaci ya kwanta sa'o'i ba motsi. Tun da Likita Campeau na Kanada cikin 1989, da Likita Kiemeneij na Holan bayansa, su ka nuna ana iya shiga ta wuyan hannu, zubar jini ta ragu, mutum ya kan tashi ya zauna da wuri. Duk da haka ga abin da ka iya faruwa:

(a) Zubar jini ko kumburi a wurin da aka shiga. Shi ya fi yawa.
(b) Ruwan rini ya kan wahalar da ƙoda, musamman ga tsoho da mai ciwon sukari da wanda ƙodarsa ba ta da ƙarfi. Ga waɗansu kuma ya kan kawo ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi.
(c) Waya ko balan-balan na iya yage jijiya ko huda ta, jini ya taru kewaye da zuciya ya matse ta.
(d) Ɓarɓashin kitse na iya ɓallewa ya tafi ƙwaƙwalwa, ya kawo shanyewar ɓarin jiki.
(e) Harbawar zuciya na iya rikicewa ana cikin aiki.

Huda jijiya da shanyewar jiki ba su cika faruwa ba. Ga wanda aka shirya wa aikin a tsanake, masu rasa rai ba su kai 1 cikin 100 ba. Ga wanda aka kawo rai a hannun Allah, haɗarin ya fi haka nesa.

7. Wa Ya Kamata A Yi Wa?

Ga mai bugun zuciya, ba maganin da ya kai wannan, muddin an yi shi da wuri. Ƙa'idar likitoci ita ce a buɗe jijiyar kafin minti 120 daga lokacin da aka gane cutar. In ba za a iya ba, sai a yi allurar narkar da gudan jini tukuna. A ƙasarmu asibitocin da ke da ɗakin wannan aiki kaɗan ne, a manyan birane su ke, kuɗin kuma da yawa, saboda haka zuwa asibiti mafi kusa da gaggawa shi ne matakin fari.

Ga wanda ciwon ƙirjinsa sai ya yi aikin ƙarfi ya ke tashi, magana ta sha bamban. Wani gwaji da aka buga cikin 2007 a kan mutum 2,287, da wani cikin 2020 a kan mutum 5,179, sun nuna waɗanda aka buɗe wa jijiya ba su fi waɗanda aka bari da ƙwayoyi tsawon rai ba. Abin da su ka samu shi ne sauƙin ciwon ƙirji. Mai toshiya a jijiyoyi da yawa kuwa, balle in yana da ciwon sukari, sau da yawa fiɗa ta fi masa. Saboda haka wanda aka ce a sa masa raga alhali ba gaggawa, yana da ikon ya tambayi likita abin da za ta ƙara masa bisa ƙwayoyi, kafin ya sayar da gona ko shanu.

8. Abin Da Ke Wuyan Majiyyaci

Raga wuri ɗaya ta gyara, tsawonta bai cika wuce inci ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Cutar tana nan cikin sauran jijiyoyi. Don haka:

Na fari, ka sha magungunan nan biyu na hana gudan jini kullum, har iyakar lokacin da likita ya yanka, galibi wata 6 zuwa 12. Bayan haka ɗaya daga cikinsu zai zama abokin zamanka. Kada ka bari don ka ji sauƙi, ko don kuɗi sun ƙare, ko don wani ya ce ya warkar da kai. Ragar da ta toshe farat ɗaya ta kan kashe mutum.

Na biyu, in za a cire maka haƙori ko a yi maka fiɗa, ko za ka yi doguwar tafiya, gaya wa likitan zuciya tukuna. In ka ga baƙin bayan gida ko haɓo mai ƙin tsayawa, ka je asibiti, kada ka yanke hukunci da kanka.

Na uku, ka bar taba, ka rage gishiri da maiƙo, ka riƙa takawa, ka sha maganin kitse da na hawan jini da na sukari in an rubuta maka.

Na huɗu, in nauyin ƙirji ya kama ka ko wani naka, ya wuce minti 15, da gumi ko haki, ko ciwon ya bi hannu ko muƙamuƙi, kada a tsaya jiƙa kanwa ana cewa gyambon ciki ne. A nemi mota nan da nan, ko da tsakar dare ne.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ciwon ƙirji na hawan tudu da bugun zuciya?
2. Faɗi wahala biyu da balan-balan ya kawo, da yadda aka yi maganin kowace.
3. Don me raga mai magani ta ke bukatar a daɗe ana shan ƙwayoyi?
4. Maƙwabcinka an sa masa raga wata 2 da su ka wuce, ya ce ya warke, zai bar magani. Me za ka gaya masa?