DARASI: KUMBURIN CIKI GA ƁERAN MASAR DA ZOMO

Darasinmu na yau ya shafi ƴan dabbobin da yara da mata ke kiwo a bayan ɗaki, watau ɓeran masar da zomo. In cikin dabba yana kumbura yau, ya sace gobe, ya sake kumbura jibi, a fara binciken abincinta.

Mi ke kawo kumburi?

Ko da ana ce masa na Masar, asalin ɓeran nan daga Amurka ta Kudu ne, wajen ƙasar Peru, kuma ciyawa ce cimarsa. A hanjinsa akwai wata babbar jaka cike da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Su ke narka masa ciyawa. In aka cika masa dusa, ko tsaki, ko sauran tuwo, abincin sai ya yi tsami a jakar, iska ta taru. Ɓeran masar da zomo ba su iya amai. Abin da ya shiga, sai ta baya zai fita.

A nan wajenmu a kula da lokaci biyu. Na ɗaya, farkon damina, sa'ad da dabba ta bar busasshen abinci ta faɗa wa ɗanyar ciyawa. Na biyu, lokacin noman rani, sa'ad da ganyen kabeji da salati ke yawa a gandarin Ƙonni da garake na kwarin Maggiya. Kabeji yana tara iska. Lawashin albasa kuwa, wanda ke ko'ina a Galmi da kewayenta, ba abincinsu ba ne sam, domin albasa tana ɓata masu jini.

Alamomi

Ciki ya yi tauri kamar ganga. Dabba ta takure wuri guda, tana cizon haƙora. Kashinta ya ƙanƙance ko ya ɗauke. In ta yi awa 12 ba ta ci ba, ba ta yi kashi ba, ranta na cikin haɗari.

Abin da za a yi

1. A ajiye busasshiyar ciyawa, kamar kyasuwa ko harkiya, a gabanta dare da rana. Ita ce babban abinci. Harawa a haɗa kaɗan.
2. Sabon ganye, a fara da ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa har kwana 7 zuwa 10.
3. Kada a ba da ganyen da ya kwana a buhu ya yi zafi, ko mai hunhuna, ko wanda aka fesa wa maganin ƙwari.
4. Ruwa mai tsabta kullum. A share ɗakin, a bar shi busasshe.
5. Jikin ɓeran masar ba ya haɗa bitamin C da kansa. A ba shi ɗan yankin tattasai marar yaji ko gwaba kowace rana.
6. A duba haƙora. Tsiro suke yi har mutuwa, ciyawa ke rage su. In sun yi tsawo, tauna ta gagara, ciki ya lalace.

In kumburi ya taso, a janye dusa da ɗanyen ganye, a bar ciyawa da ruwa. A shafa cikin a hankali, a sake ta ta yi yawo. In bai sace ba cikin ƴan awoyi, a kai ta wurin ma'aikacin dabbobi a Ƙonni, Malbaza ko Illela.

Gargaɗi

Kada a buɗe kafso na ƴan tebur a zuba masu a ruwa. Penisilin, ampisilin da amoksisilin suna kashe ƙwayoyin nan masu amfani, sai zawo ya biyo baya, dabba ta mutu. Kada kuma a soke cikin da allura.

Tambayoyi

1. Don mi dusa mai yawa ke kumbura ciki?
2. Kwana nawa ake ɗauka wajen canza abinci?
3. Waɗanne magunguna ne aka hana?

Ku karanta wa yara masu kiwon wannan darasi, domin su ke ba da abincin. Allah ya albarkaci kiwonmu.