Darasi Na 14: Tambari Mai Amsa Kira

Kowane ɗan kasuwa ya san wahalar ƙirga kaya. Sai a rufe kanti, a sauke kwalaye, a buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin ƙirga lissafi ya ɓace, a koma farko. Wanda kuwa bai san yawan kayansa ba, bai san ranar da aka fara yi masa sata ba.

To, akwai wata dabara ta ƙirga kaya da rediyo. Turawa suna ce mata RFID. Mu, bari mu kira ta tambari mai amsa kira. Abubuwa uku ke yin aikin.

Na farko, tambarin. 'Yar takarda ce da ake manna wa kaya. A cikinta akwai wani ɗan abu wanda bai kai ƙwayar gero ba, shi ke riƙe da lamba. Akwai kuma siririyar waya, ita ce eriyarsa. Kowane tambari da lambarsa.

Na biyu, na'urar kira. Ita ke aika saƙon rediyo. Yawancin tamburan nan ba su da batir. Daga saƙon suke samun ƙarfi, kowane ya amsa da lambarsa. Kamar dai malami ne yana kiran suna a aji, kowa yana cewa, "Na'am!"

Na uku, kwamfuta. Ita ke rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da lokacinsa.

Kun san zanen nan mai layi-layi, baƙi da fari, a jikin kwalin sabulu. Shi sai an nuna wa na'ura, ɗaya-ɗaya. Tambari kuwa yana amsawa ko yana cikin kwali, kuma da yawa suna amsawa kusan lokaci guda.

Tushen dabarar ya daɗe. A Yaƙin Duniya na Biyu mutanen Ingila sun yi amfani da rediyo don bambanta jiragensu na sama da na abokan gaba. A 2003, kamfanin Walmart na Amurka ya umarci manyan masu kawo masa kaya guda 100 su riƙa sa tambarin a kwalaye daga Janairun 2005. A Ostareliya a kunnen shanu ake maƙala shi.

Amma ku lura. Ƙarfe da ruwa suna rage ƙarfin saƙon. Abu mafi muhimmanci kuma, tambari lamba kawai yake faɗi. Mutum ne ke gaya wa kwamfuta kayan da ke ɗauke da lambar. In ya rubuta sukari a kan lambar buhun shinkafa, kwamfuta za ta yi ta cewa sukari ne. Saboda haka a duba rubutun farko da kyau.

Tambayoyi
1. Ina tambari ke samun ƙarfinsa?
2. Mene ne bambancinsa da zane mai layi-layi?
3. Me zai faru in aka yi kuskure a rubutun farko?