Sagewar Hannu ga Mai Juna Biyu

Darasinmu na wannan fitowa a kan kukan da muke yawan ji ne a ɗakin awo, daga matan Damaga, Bakura, Maradun da Talata Mafara: hannu ya mutu da dare, ko yatsu su riƙa yi kamar ana tsira musu allura.

Yadda muke jin taɓi

A ƙarƙashin fatar yatsu akwai ƙananan kawunan jijiyoyi masu yawa. Idan kika taɓa abu, saƙo yana bin jijiya ta cikin hannu ya shiga laka a wuya, ya hau gindin ƙwaƙwalwa, ya tsallaka ɗaya ɓangaren. Don haka ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke jin hannun dama. A 1937 wani likita a Kanada, Wilder Penfield, ya nuna cewa hannu da leɓe sun fi baya samun fili a ƙwaƙwalwa, kuma binciken da aka yi a kan birai ya nuna kowane yatsa da gurbinsa. Shi ya sa kike gane tsakuwa cikin shinkafar Bakolori ko ba ki duba ba.

Me ke kawo sagewar?

Jijiyar da ke kula da babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na huɗu tana ratsa wata matsattsiyar kafa a wuyan hannu. Jikin mai ciki yana tara ruwa, musamman a watanni uku na ƙarshe, sai kafar ta ƙara matsewa ta danne jijiyar, saƙon ya riƙa isa ƙwaƙwalwa a hargitse. Ƙaramin yatsa kan tsira, domin jijiyarsa daban ce. Daka, surfe da matsar wanki suna ƙara tsananta abin. Ba aikin iska ba ne, ba ya cutar da jariri, kuma galibi yana wucewa makonni ko 'yan watanni bayan haihuwa.

Abin da za ki yi

1. Kada ki kwanta a kan hannunki ko ki lanƙwashe wuyansa. Ki ɗora shi a kan matashi.
2. Ki riƙa hutawa a tsakanin aiki. Maigida da abokan zama su taimaka da daka da ɗaukar ruwa.
3. Ki cire zobe da awarwaro idan sun fara matsewa.
4. Kada a yi tsaga ko ƙaho, kuma kada ki sha maganin ciwo daga kyamis sai da izinin ma'aikacin lafiya.
5. Yatsan da ya sage ba ya gane zafi sosai. Ki gwada ruwan wankan jariri da gwiwar hannu, ko wata ta gwada miki.

Alamun haɗari

Idan kumburin hannu da fuska ya zo farat ɗaya, tare da ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko ciwo a saman ciki, wannan na iya zama hawan jinin masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga. Yakan bayyana bayan mako 20, kuma awon jini da ya kai 140/90 abin dubawa ne. Haka nan idan hannu ya rasa ƙarfi kwatsam, baki ya karkace ko magana ta sarƙe. A irin wannan hali kada a jira gari ya waye: a garzaya Babban Asibitin Talata Mafara ko asibiti mafi kusa. Maigida ya ba da izinin fita tun yanzu, ya tanadi kuɗin mota.

Ki faɗa wa ungozoma halin da hannunki ke ciki duk ranar awo, a auna jininki, a gwada fitsari. Allah Ya sauke ku lafiya, amin.