Haɗa Kusurwar Akwati Ba Da Ƙusa Ba

Akwatin takardun hakimi daga kusurwa yake fara lalacewa: ƙusa ta saki, gara ta sami ƙofa. Maganinsa shi ne a yanka bakin katako haƙora-haƙora, su shiga juna, a manne su da gam.

Don wannan aiki kafinta yakan yi ma'auni, watau allo mai ɗan turke wanda ake turawa bisa zarton inji. Wajibi ne abu uku su zo daidai: faɗin yanka, da kaurin turke, da ratar turke da zarto, misali rabin inci kowanne.

Sai a tsai da katako jikin turke, a yanka gurbi. A ɗora gurbin bisa turke, a sake yankawa, har ƙarshe. Katako na biyu da gurbi yake farawa, don ya karɓi haƙorin na fari.

A fara gwadawa da guntaye. In haɗin ya matse, a matso da turke wajen zarto kaɗan. In ya yi sako-sako, a nisanta shi.

Kada malamin hakimi ya biya kafinta sai ya tabbata babu rata a kusurwa huɗun nan.