Darasi na 14: Tela da Kyamararsa

A Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, akwai unguwa mai suna Kilomita Biyar. Unguwar kasuwa ce, Musulmi da yawa na zaune cikinta, har da Hausawa. A nan Masallacin Koudoukou yake. Shi ne masallacin da Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba 2015, domin kiran zaman lafiya.

Kusa da masallacin akwai wani saurayi tela. Da ɗinki yake ciyar da uwarsa da ƙannensa. Amma yana son ɗaukar hoto ƙwarai. Ranar Juma'a, in an taso daga salla, yakan ɗauki hoton abokansa. Kyamararsa ta tsufa, hotunanta ba su fita sosai.

Wata rana ya ga sabuwar kyamara a kanti. Kuɗinta jikka 300, shi kuwa jikka 60 gare shi. Sai ya yi niyyar sayar da keken ɗinkinsa. Ya tafi wurin kawunsa neman shawara.

Kawu ya ce: "Ɗana, in ka sayar da keke, me za ku ci a gida? Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Saurayi ya ce: "Gaskiya ne, Kawu. To, yaya zan yi?"

Kawu ya ce: "Saurara ka ji. A garin nan Samuel Fosso ya buɗe shagon hoto a 1975, yana da shekara 13. A lokacin da fim ake aiki, fim kuwa da tsada. In ya gama hoton mutane, ba ya ɓarnar ragowar fim. Sai ya ɗauki hoton kansa, ya aika wa kakarsa a Nijeriya. A 1994 aka nuna hotunan nan a Bamako, duniya ta san shi. Ka gani? Ido da haƙuri sun riga kayan aiki."

Saurayi ya bi shawara. Ya sami kyamara ta hannu, ta jikka 150. Bai yi gaggawa ba. Ya duba idonta a cikin haske, bai ga tsaga ko fumfuna ba. Ya danna kowane maɓalli. Ya gwada batir, ya ga yana daɗewa. Ya ɗauki hoto a rana da inuwa, duka suka fita. Ya kuma nemi takardar saye, don kada ya sayi kayan sata.

Mai kyamara ya yarda ya jira shi. Saurayi ya sayar da tsohuwar tasa jikka 40. Kowane wata kuma yana ajiye jikka 10 daga kuɗin ɗinki. Da kuɗi suka cika, ya biya, bai ci bashin kowa ba. Hoton farko da ya ɗauka na Kawu ne, a ƙofar masallaci. Keken ɗinki kuwa yana nan yana aiki.

Kalmomi
kyamara: appareil photo
idon kyamara: objectif
fim: pellicule
ta hannu: d'occasion
takardar saye: reçu
jikka 1: 1000 francs

Tambayoyi
1. A wace unguwa Masallacin Koudoukou yake?
2. Don me Kawu ya hana sayar da keken ɗinki?
3. Me Samuel Fosso yake yi da ragowar fim?
4. Faɗi abu uku da ake dubawa kafin a sayi kyamara ta hannu.

Lissafi
Jikka nawa suka rage wa saurayi bayan ya sayar da tsohuwar kyamara? Wata nawa ya yi yana ajiya?

Aiki
Ku tambayi iyayenku ma'anar "Daidai ruwa, daidai tsaki." Ku rubuta ta cikin jimla biyu.